Zane Ɗaya, Gini Biyu: Abin da Ya Faru a Wata Tashar Nukiliya daga 2008 zuwa 2024

Wannan nazari ya bi diddigin aikin gina tukwanen nukiliya biyu (inda makamashin nukiliya ke ba da zafin da ake juyawa zuwa lantarki), iri ɗaya sak, a wata tashar lantarki da ke bakin kogi a kudu maso gabashin Amurka, tun daga sa hannu kan kwangila a 2008 har ranar da ta biyunsu ta fara sayar da wuta a 2024. Da ma tashar tana da tsofaffin tukwane biyu, shi ya sa ake kiran sababbin rukuni na 3 da rukuni na 4. Kowanne zai ba da wuta kimanin megawat 1,100. Za a ambaci kamfanonin da aikinsu kawai: masu tasha, mai zane, ɗan kwangila.

An ɗora aikin gaba ɗayansa kan magana guda: idan aka tsayar da zane ɗaya, aka hana kowa taɓa shi, aka yi ta maimaita shi, gini zai yi sauri kuma zai yi araha.

## Kafin 2008: ciwon da ake nema wa magani

Amurka ta gina tukwanen nukiliya sama da 100 a ƙarni na 20, kusan kowace tasha da tata kamar. Manyan kamfanoni huɗu ne ke ƙera tukunyar ita kanta, amma kowane kamfanin lantarki yakan ɗauko nasa injiniyoyin su zana sauran ginin yadda yake so. Ana fara zuba kankare tun zane bai kammala ba. Lasisi ma biyu ne, na gini daban, na fara aiki daban, saboda haka mutum zai iya gama gini kafin a gaya masa abin da ya gina bai yi ba. Bayan hatsarin tashar nukiliya ta Three Mile Island a watan Maris na 1979 dokoki suka ƙaru, aka riƙa fasa bangon da aka gama ana sake bi da bututu da waya. Tsofaffin tukwanen wannan tasha ma ba su tsira ba. Sun fara aiki a 1987 da 1989 bayan sun ci kusan dala biliyan 9, ninkin ba ninkin abin da aka ƙiyasta da farko.

A 1989 hukumar kula da harkar nukiliya ta Amurka, NRC, ta fito da sabon tsari. Mai zane zai kai zanensa a tantance sau ɗaya tak. Duk kamfanin da ya ɗauki wannan zane zai karɓi lasisi guda da ya haɗa gini da aiki. Sharaɗin shi ne a gina abin da aka amince da shi ba ƙari ba ragi, sannan a tabbatar da hakan ta ɗaruruwan bincike da gwaji da aka jera a cikin lasisin kafin a zuba makamashi a tukunya.

Zanen da masu tashar suka zaɓa ya sami shaidar hukuma a farkon 2006. Abin da ya bambanta shi da na da shi ne hanyar sanyaya tukunya idan wuta ta ɗauke. An ɗora katon tankin ruwa a saman ginin, ruwan ya gangaro da nauyinsa, iska ta zagaya da kanta, har tsawon awa 72 ba tare da famfo ko hannun mutum ba. Mai zane ya ce wannan ya rage bawul-bawul da rabi, ya rage bututun da ya shafi tsaro da kashi 80 cikin 100, waya kuma da kashi 85. Ya ƙara da cewa ba za a gina komai guntu-guntu a fili ba. Za a ƙera manyan sassan ginin a masana'anta, a kawo su a haɗa, injin ɗaga kaya ya ɗora kowanne a mazauninsa. Lissafinsa shi ne wata 36 daga zuba kankaren farko zuwa zuba makamashi.

Abu ɗaya ne babu a lokacin: ba a taɓa gina wannan zane ko'ina a duniya ba.

## 2008 zuwa 2012: kwangila ta riga zane tsayawa

An sa hannu kan kwangila a watan Afrilun 2008. Hukumar da ke kula da farashin wuta a jihar ta amince da aikin a Maris 2009. An ƙiyasta kuɗinsa kimanin dala biliyan 14, rukuni na 3 ya fara aiki a 2016, na 4 a 2017. Majalisar jihar ta yi dokar da ta bari a fara karɓar wani ɓangare na kuɗin ruwan bashin daga masu biyan kuɗin wuta tun 2011, kafin a ga ko da ƙwan fitila guda ya kama da wutar sababbin tukwanen. A jihar da ke maƙwabtaka wasu kamfanoni sun ɗauki zane ɗin don gina nasu biyu, ƙasar Sin kuma ta fara gina huɗu a Sanmen da Haiyang, aka zuba kankaren farko a Sanmen a Afrilun 2009. Rukuni takwas ke nan kan zane guda. Tsarin shi ne Sin ta shiga gaba da 'yan shekaru, ta ci karo da matsalolin farko, na Amurka su biyo sawu.

Ba a jima ba zanen ya motsa. A 2009 NRC ta yi dokar cewa dole sababbin tashoshi su iya jure faɗowar babban jirgin sama. Mai zane ya sauya ginin garkuwa da ke kewaye da tukunya, ya mai da bangonsa faranti biyu na ƙarfe da kankare a tsakiya. A watan Oktoba na shekarar hukuma ta ce ba a nuna mata wannan bango zai ɗauki nauyin da ake so ba. Aka koma gwaji da lissafi, ba a sami sabuwar shaidar zane ba sai Disamba 2011, watanni tara bayan hatsarin tashar nukiliya ta Fukushima a Japan. Lasisin tashar ya fito a Fabrairun 2012, karo na farko da Amurka ta ba da izinin gina sabuwar tukunya tun 1978.

Wannan sauyi ya raba zanen gida biyu. Ginin garkuwar da ake yi a Sin na tsohon zane ne, na Amurka sabo ne fil, babu wanda ya riga su yin sa.

Akwai wani bambanci da ya kamata a fahimta tun nan, don duk abin da ya biyo baya a kansa ya rataya. Zanen da hukuma ke tantancewa yana nuna cewa tashar ba za ta cutar da jama'a ba: kaurin bango, ƙarfin bututu, yadda ruwa zai bi. Zanen da mai walda ko mai ɗaura rodi ke riƙewa a hannu wani abu ne daban. Shi ne ke faɗin inda kowane madogarin bututu zai zauna, tazarar da ke tsakanin rodi da rodi, ramin da waya za ta bi ta huda bango. Irin waɗannan takardu dubbai ne. Na farkon ya samu a 2011. Na biyun ana cikin yin sa aka fara gini.

## 2012 zuwa 2013: rodin harsashi

Gwajin farko ya zo tun daga ƙasa. Harsashin ginin tukunya shimfiɗa ce ta kankare mai kaurin kusan mita biyu, cike da rodi mai kauri da aka saƙa hawa-hawa. A 2012 masu duba aiki na hukuma suka shiga cikin wannan saƙa da takardun lasisi a hannu, suka tarar yadda aka ɗaure wasu rodin, musamman ƙarshensu inda suke kama kankare, bai dace da abin da aka amince da shi ba.

A tsohon tsari da injiniya zai yi lissafi, ya nuna harsashin zai ɗauki nauyi, ya sa hannu, a ci gaba. A sabon tsari ba haka ba ne, domin har ƙa'idar aikin kankare da za a bi tana rubuce cikin lasisi, kuma ba a sauya ta sai da izinin hukuma. Hanya biyu ce: a kwance rodin a sake ɗaurawa, ko a nemi gyaran lasisi. An yi wani abu daga kowanne. Masu tasha sun nemi izinin amfani da kankare mai ƙarfi fiye da wanda ke cikin zane, suka jira amsa, wata tambayar ta sake tasowa kan rodin, suka sake nema. Duk tsawon wannan lokaci ma'aikata na nan, injina na nan, kuɗin ruwa na hawa, harsashi kuma a buɗe.

An zuba kankaren rukuni na 3 a tsakiyar Maris 2013, awa 41 ba tsayawa. Na rukuni na 4 ya biyo a Nuwamba, kuma bai sha wannan jira ba, don an riga an warware maganar rodi. Kafin a gama aikin duka, gyare-gyaren lasisi irin wannan sun haura 100.

A shekarar 2012 ɗin ne kuma masu tasha da 'yan kwangila suka maka juna a kotu kan wanda zai biya kuɗin jinkiri da sauye-sauyen zane, kuɗin da ya kai ɗaruruwan miliyoyin daloli.

## 2013 zuwa 2015: masana'antar sassa

Nan ne zuciyar alkawarin take, nan ne kuma ya fi shan wuya.

Ɗan kwangila ya gina sabuwar masana'anta a jihar Luwiziyana don ƙera sassan. Kowane ƙaramin sashe faranti ne na ƙarfe biyu da ke fuskantar juna, an haɗa su da sanduna, an walda ɗaruruwan ƙusoshi a cikinsu don su kama kankaren da za a zuba daga baya. Hikimar a fili take. A ƙarƙashin rufi, ba ruwan sama ba rana, mai walda zai yi ta maimaita abu guda har hannunsa ya faɗa, kuma ana wannan ana haƙa harsashi a fili, aiki biyu a lokaci ɗaya.

Sai dai maimaici yana bukatar abin da za a maimaita. Takardun zane suna isowa masana'anta, a fara yanka ƙarfe, sai gyara ya biyo baya. Wani lokaci zanen yana daidai a kwamfuta amma hannun mutum da kan walda ba za su iya shiga lungun da aka ce a walda ba. Ga kuma masana'antar sabuwa ce, yawancin ma'aikatanta ba su saba da ƙa'idar aikin nukiliya ba. A wannan sana'a ƙarfe ba ya tafiya shi kaɗai. Kowane faranti yana da takardar da ke nuna inda aka narka shi, kowace walda tana da sunan wanda ya yi ta, da shaidar ƙwarewarsa, da irin sandar da ya yi amfani da ita, da sa hannun wanda ya duba. Walda mai kyau da takardarta ta ɓata, a idon hukuma ba a yi ta ba. Sassa suka riƙa isowa a makare, wasu da waldar da sai an kankare an sake, wasu da tazarar ƙusoshi ba daidai ba, wasu da takardu rabi da rabi. A 2013 NRC ta rubuta wa masana'antar wasiƙar gargaɗi cewa ma'aikata suna tsoron faɗin matsalar da suka gani.

Rumfar da aka gina a filin tasha don haɗa sassa sai ta koma wurin gyara. Aikin da aka kai masana'anta don a rage wa fili nauyi ya dawo filin, ga kuɗin dako a kai.

Sashe mafi girma na farko ya nuna yadda jinkirin ke yaɗuwa. Ƙananan sassa 72 ake haɗawa su ba da shi, tsayinsa ya kai bene mai hawa biyar, nauyinsa kimanin tan 1,000, a cikinsa har da tafkin ajiye makamashin da aka gama amfani da shi. Ba ya ɗaguwa sai an haɗa shi duka, kuma bangaye da benayen da ke kewaye da shi ba sa tashi sai ya zauna. A ginin da ake yi guntu-guntu, idan wani lungu ya tsaya sai a koma wani. A nan ƙaramin sashe guda da ya makale ya isa ya tsayar da ginin gaba ɗaya. Sai a Maris 2014 wani injin ɗaga kaya mai tsayin sama da mita 160 ya ɗauke shi ya sauke a mazauninsa. Babban sashen da ke cikin ginin tukunya bai zauna ba sai Agustan 2015.

An gwada magunguna da dama. Masu tasha sun tura nasu masu duba aiki su zauna a masana'antar. An sauya shugabanni. Wani kamfani ya sayi ɗan kwangilar baki ɗaya a farkon 2013. Abin da ya fi tasiri shi ne kwashe wani ɓangare na aikin daga Luwiziyana a raba wa wasu masana'antu a Amurka da Japan, ciki har da waɗanda suka saba da aikin jiragen ruwa da ƙa'ida mai tsanani. Inganci ya gyaru, amma kowace sabuwar masana'anta sai da ta koyi aikin daga farko.

Kuma duk kuskuren da aka gano a zane ba na rukuni ɗaya ba ne. Yana cikin na 3, yana cikin na 4, yana cikin biyun jihar maƙwabta, sau da yawa an riga an yanka ƙarfen duka huɗun.

## 2015 zuwa 2017: canjin hannu da karyewa

A Oktoban 2015 aka sasanta shari'ar. Mai zane ya sayi ɓangaren gini na ɗan kwangila don ya riƙe zane da gini a hannu ɗaya, ya ɗauko wani babban kamfani ya kula da ma'aikatan fili. An yi fatan rigimar wa ke da laifi za ta ƙare. Ta ƙare, amma mai zane ya ɗauki nauyin kuɗin da ba zai iya ba. A ranar 29 ga Maris 2017 ya shigar da takardar karyewa a kotu.

Masu aikin jihar maƙwabta sun ajiye nasu a ranar 31 ga Yulin 2017, bayan sun kashe kimanin dala biliyan 9, dubban ma'aikata suka rasa aiki a yini ɗaya. Wani rahoto da wani kamfanin injiniyoyi ya rubuta musu tun farkon 2016, wanda bai fito fili ba sai bayan rushewar aikin, ya faɗi abin da 'yan fili suka daɗe da sani: zanen bai kammala ba, kuma a wurare da yawa ba ya ginuwa yadda aka zana shi.

Masu wannan tasha sun zaɓi ci gaba. Uwar kamfanin mai zane da ke Japan ta biya su dala biliyan 3.68 na lamunin da ta tsaya. Suka karɓi ragamar aikin da kansu, suka ɗauko sabon ɗan kwangila, mai zane ya koma ba da zane da kayan aiki kawai. A Disamba 2017 hukumar farashin wuta ta amince, aka sa sababbin ranaku: Nuwamba 2021 da Nuwamba 2022. Lamunin gwamnatin tarayya ya kai kimanin dala biliyan 12 daga baya.

## 2018 zuwa 2022: rukuni na 3 yana share hanya

A 2018 taimakon da aka daɗe ana jira daga Sin ya iso. Sanmen ta farko ta fara aiki a watan Satumba, shekaru bayan lokacin da aka sa mata, saboda matsaloli da suka haɗa da manyan famfunan da ke zagaya ruwa a tukunya, waɗanda su ma ba a taɓa yin irinsu da wannan girma ba. Ma'aikatan tashar sun je can sun kalli yadda ake tayar da tukunyar. Wasu gwaje-gwaje da doka ta ce a yi a tukwanen farko na zanen kawai, NRC ta yarda a karɓi sakamakon Sin a madadinsu. Wannan riba ce da ba za ta samu ba da zanen ya bambanta.

A fili kuwa aiki ya koma kan bututu da waya, kuma a nan wata siffar zanen ta bayyana. An matse ginin don a rage kankare da ƙarfe, saboda haka ɗakunan ƙanana ne. Mai bututu, mai waya, mai walda da mai duba aiki duk suna neman lungu guda a lokaci guda. Ma'aikata sun haura 9,000 a lokacin da suka fi yawa, amma ƙara mutane ba ya ƙara faɗin ɗaki. A Afrilun 2020 annobar korona ta sa aka rage kashi 20 cikin 100 nasu.

Don a cim ma ranar rukuni na 3, an riƙa kwaso ma'aikata daga na 4, har da kayan aiki. Bawul ɗin da aka saya wa wannan yana shiga wancan ba sai an gyara komai ba.

Akwai gwajin da ake yi kafin a zuba makamashi: a ɗumama ruwan tukunya da zafin famfunanta har ya kai zafi da matsin da zai yi aiki da su, a ga yadda ƙarfe ke buɗewa da yadda bututu ke motsi. A rukuni na 3 an fara shi a ƙarshen Afrilun 2021, aka gama a ƙarshen Yuli, kwana 94. A wannan shekarar NRC ta yi bincike na musamman ta gano ba a bar tazarar da ta kamata ba tsakanin wayoyin da suka shafi tsaro da sauran wayoyi. Dalilin tazarar shi ne kada gobara ɗaya ta cinye layi da madadinsa. Aka bi wayoyin ana gyarawa. A farkon 2022 kuma aka tarar dubban takardun duba aiki ba su cika ba, dole a koma kan aikin da aka rufe a sake tabbatar da shi.

Hukuma ta ba da izinin zuba makamashi a Agustan 2022, aka zuba a Oktoba. Wata 14 da ɗoriya ke nan bayan gwajin zafi. A Janairun 2023 wani bututun sanyaya ya riƙa rawa fiye da ƙa'ida, aka tsaya aka ƙara masa madogari. Rukuni na 3 ya fara sayar da wuta a ranar 31 ga Yulin 2023, shekara 7 bayan ranar da aka sa masa.

## 2023 zuwa 2024: rukuni na 4

Mutanen da suka yi na 3 su suka koma na 4. Takardun zane da ke hannunsu yanzu an riga an gyara su da abin da aka gani a ginin farko. Mai jan waya ya san lungun da tazara ke ƙurewa tun kafin ya kai can. Masu gwaji sun san bawul ɗin da ke ba da wahala da tsarin da za a bi. An koyi rufe takardun duba aiki tare da aikin, ba a bari su taru ba.

Gwajin zafi ya fara a ranar 20 ga Maris 2023, ya ƙare 1 ga Mayu: kwana 42. An zuba makamashi a Agusta, wata uku da rabi bayan gwajin. A Oktoba injin ɗaya daga cikin manyan famfuna huɗu ya lalace, aka cire famfon aka sa wanda ke ajiye a tashar. Rawar bututu irin ta rukuni na 3 ta sake bayyana, aka magance ta. Tukunyar ta kama a Fabrairun 2024, wutarta ta hau babban layi a ranar 1 ga Maris, ta fara sayarwa a ranar 29 ga Afrilu.

Jimillar kuɗin aikin ta haura dala biliyan 30, fiye da ninki biyu na ƙiyasin farko.

## Hukuncin wannan nazari

Wanda ya dubi kalanda kawai zai ce zane ɗaya bai amfana da komai ba. Daga kankaren farko zuwa sayar da wuta, kowane rukuni ya ci shekara 10 da 'yan watanni, inda aka yi alkawarin wata 36 zuwa zuba makamashi. Amma rukuni na 4 ya shafe shekaru yana jiran ɗan'uwansa, ana kwashe masa mutane da kaya. Inda aka bar shi ya yi tafiyarsa, bambancin a bayyane yake: kwana 42 a madadin 94, wata uku da rabi a madadin 14. Tukunya iri ɗaya, hukuma ɗaya, doka ɗaya. Abin da ya sauya shi ne an taɓa yin aikin.

A ganina kuskuren ba a tsayar da zane ɗaya yake ba. Yana wajen ɗaukar shaidar hukuma a matsayin shaidar cewa zane ya nuna. An kulle zanen da doka tun yana ɗanye, sai aka haɗa wahala biyu: ga gyare-gyaren da duk gini na farko ke bukata, ga tsadar da kulle ya ɗora wa kowane gyara. Masana'antar sassa ta ƙara tsananta abin, domin masana'anta tana ninka duk abin da aka ba ta, daidai ne ko kuskure. Da an jinkirta yanka ƙarfe har takardun mai walda su kammala, da jinkirin ya faɗa kan injiniyoyi a ofis, ba kan dubban ma'aikata da injina a fili ba, kuma tazarar kuɗin da ke tsakanin waɗannan biyun ba kaɗan ba ce.

Ba duka laifin ke wuyan zane ba. Ƙasar ta yi shekaru sama da 30 ba ta fara sabuwar tukunya ba, masu walda da masu duba aiki da masana'antun da suka san ƙa'idar sun tsufa ko sun watse. Ragamar gini ta sauya hannu sau da yawa, ga karyewar mai zane, ga annoba. Sai dai waɗannan ma suna komawa ga magana guda, domin abin da ake maimaitawa ba takarda ba ce kaɗai. Faransa ta gina tukwane 34 masu megawat 900 a kan zane kusan guda, da kamfanin lantarki ɗaya da maƙeri ɗaya, ma'aikata suna tashi daga wannan fili zuwa wancan. Tukwane huɗu na Barakah a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, waɗanda aka fara a 2012 suka shiga aiki ɗaya bayan ɗaya daga 2021 zuwa 2024, kwafi ne na zanen da Koriya ta Kudu ta riga ta fara ginawa a gida, kuma 'yan kwangilar da suka saba da shi ne suka zo. Su ma sun yi jinkiri, amma ba irin wannan ba.

Abin da ya fi damuna a lamarin shi ne inda ribar ta tsaya. Masu biyan kuɗin wuta a jiha ɗaya sun biya kuɗin kammala zane, da koyar da masana'antu, da horar da dubban ma'aikata, kuma rukuni ɗaya tak ya ci moriyar wannan a gabansu. An tsara huɗu a Amurka, biyu suka mutu a hanya. Ranar da rukuni na 4 ya fara sayar da wuta, takardun zanen sun cika, an gwada su, an gyara su, amma babu wani fili a ƙasar da ake ɗaura rodin rukuni na gaba, kuma masu walda da masu jan wayar da suka san lungunan ginin sun riga sun kama wasu ayyukan.